Daga Jigo Zuwa Ban Ruwan Ɗigo: Tarihin Ruwa Da Taki A Lambunan Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya ji labarin rumfar roba wadda na'ura ke auna wa shuka ruwa da taki a cikinta, zai ɗauka baƙon abu ne marar dangi a ƙasar Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa awon ruwa da taki tsohuwar sana'a ce a Kano, sannan ta bi sawun yadda awon ya kuɓuce mana, da yadda yake neman dawowa.

Gonaki Cikin Ganuwa

Ganuwar da Sarki Gijimasu (1095-1134) ya soma, wadda Muhammadu Rumfa (1463-1499) da Muhammadu Nazaki (1618-1623) suka faɗaɗa, ta kewaye gidaje da gonaki gaba ɗaya, domin ko maƙiya sun yi wa gari ƙawanya a sami abin kai wa baka. Baturen nan Barth da ya zo a 1851 ya tarar gidaje sun taru a kudu maso gabas. Yammacin birni kuwa, daga Goron Dutse zuwa Ƙofar Kabuga, watau yankin Gwale na yau, yawancinsa filin noma ne.

Da rani, mai lambu kan dogara da rijiya ko kududdufi ko rafin Jakara. Jigo shi ne injinsa: doguwar sanda bisa gwafa, guga a kai ɗaya, curin laka a ɗayan. Tun da kowane guga da gumi ake ɗago shi, ba a zubar da shi banza. Yakan buɗe wa komi ɗaya ruwa, in ya ƙoshi ya toshe, ya buɗe na gaba. Taki ma haka. Jakai kan fita da shara da toka da kashin awaki a mangala, su komo birni da itace, kamar yadda Michael Mortimore ya bayyana a bincikensa na shekarun 1960. Ashe wahala ita ce ma'aunin farko.

Zamanin Madatsa Da Inji

A zamanin Gwamna Audu Bako (1967-1975) aka gina madatsar Bagauda, sannan ta Tiga wadda aka kammala a 1974. Daga Tiga aka ja ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, cikin shirin da aka tsara kashinsa na farko zai shayar da hekta 22,000. A shekarun 1980 kuma ƙananan injunan fetur suka bazu cikin fadamu, jigo ya zama abin tarihi. Alkama da shinkafa da tumatir suka yalwata, wannan ba mai musu. To amma masu iya magana sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ruwan da ba a sha wuyar ɗagowa ba, ba a cika auna shi ba. Wasu gonaki suka jiƙe sharkaf, kachalla ta toshe magudanai har zuwa fadamun Haɗeja da Nguru. Takin zamani kuwa ana watsa shi da ka, ruwa ya wanke wani kaso ya tafi da shi.

Dawowar Awo

A 1965 aka kafa kamfanin Netafim a Isra'ila bisa dabarar injiniya Simcha Blass, ta isar da ruwa gindin shuka ɗigo-ɗigo ta siririn bututu. Manoman Holan suka haɗa irin wannan dabara da gidajen gilashi da kwamfuta. Ana narka taki a tanki, na'ura ta gwada gishirinsa da tsaminsa, ta duba laimar saiwa da zafin rana, sannan ta saki gwargwadon bukata. Abin da mai lambu ke ganewa da yatsa da launin ganye, shi na'urar ke karantawa da lamba.

Bukatar haka ta fito fili a 2016, shekarar da aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa, kuma tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna. Daga bisani kamfanin ya kafa rumfar rainon dashe a can.

Kammalawa

A yau gidaje sun cinye gonakin Gwale, an cike kududdufai da dama, saboda haka noman da ya rage wa birni shi ne na ƙaramin fili da ruwa ƙalilan. Sai dai jigo kowa na iya sassaƙa shi, na'ura kuwa tana bukatar jari da lantarki da mai gyara. In ba a samo mai sauƙin kuɗi wadda makanikan gida za su iya gyarawa ba, jikan mai lambu zai koma ɗan ƙodago a rumfar wani. Wannan aiki yana wuyan ɗaliban noma da na injiniya, mu kuma na harshe mu tattara kalmomin lambu daga bakin dattawa tun ana iya samunsu.