Ciwon da ke saura bayan an ce mutum ya warke

A Dakoro, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, ba a cewa mutum ya taɓu sai ya fara surutai shi kaɗai, ko ya ce yana jin muryoyin da ba wanda ke ji. In aka kai shi wurin malamai, ko ƴan bori, ko likita, ya natsu, sai a ce ya warke. Amma ga shi an aike shi sayen gishiri da kanwa da man gyaɗa, ya dawo da gishiri kaɗai. An bar masa awaki, ya kasa tsara kiwo da shayarwa. Nan take gida kan yanke hukunci: lalaci ne, ko raini.

Likitocin Turai ma sun daɗe suna kau da kai daga wannan ɓangare, ko da yake da farko sun hango shi. A ƙarshen ƙarni na 19 Bajamushe Emil Kraepelin ya kira ciwon da sunan da ke nufin dusashewar hankali tun da ƙuruciya. A 1908 Eugen Bleuler na Suwizalan ya raɗa masa sikizofireniya. Da aka gwada maganin chlorpromazine a Paris a 1952, aka ga yana kwantar da muryoyi da ruɗani, sai hankalin kowa ya koma can. Ba laifinsu ba ne ƙwarai: mai ihu shi ke hana gida barci.

Sai a 1974 Baddeley da Hitch suka fayyace abin da za mu kira allon ƙwaƙwalwa, wato inda mutum ke riƙe ƴan bayanai na ɗan lokaci yana aiki da su, kamar dillali mai lissafin kuɗin rago a ka. A 1992 Park da Holzman suka nuna wa majinyata ɗigo a allo, suka ɓoye shi na ƴan daƙiƙu. Da yawa suka kasa nuna inda yake. Masana sun danganta wannan rauni da sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi, mai tsara aiki da sauya dabara.

Abin da ya shafi malaman lakkol shi ne, raunin kan riga surutai bayyana, sau da yawa da shekaru, kuma magungunan kwantar da ruɗani ba su cika gyara shi ba. Ba kowane ɗalibi mai mantuwa ke da ciwon ba; yunwa da zazzaɓin cizon sauro ma na sa haka. Amma saurayin da ya dawo aji bayan jinya, in an karkasa masa aiki, a ba shi umurni ɗaya bayan ɗaya, a rubuce, yakan iya abin da jiya aka doke shi a kansa.