Zaɓen Fid da Gwani na 1992 da Manoman Kudancin Katsina

Daga Amurka Nijeriya ta aro tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979, amma ba ta aro hanyarsu ta tsai da ɗan takara ba. Can 'yan jam'iyya ke zaɓe jiha-jiha, kuma tun 1972 jihar Ayowa, ƙasar manoman masara, ta yi suna wajen buɗe fage. A ganinmu, abin da ke jan kunnen manoman Funtuwa da Malumfashi zuwa Sashen Hausa na BBC ke nan: jin manomi ɗan'uwansu yana tankaɗe manya.

Nan kuwa wakilai ne suka taru a Legas cikin Disamba 1978 suka tsayar wa NPN da Alhaji Shehu Shagari. Talaka sai labari. Sai a 1992 aka kawo zaɓen har mazaɓa. Da damina aka yi shi, mutane suka bar gona suka fito, Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, ya shige gaba a SDP. Cikin Oktoba, tun ba a fara cirar auduga ba, gwamnatin Janar Babangida ta soke sakamakon bisa zargin maguɗi, daga baya ta hana 'yan takara 23 sake tsayawa.