Jirgin Cikin Gari: Daga Ina Zai Tashi, Ina Zai Tsaya?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Damana da ƙasar Kurfai, da yawa cikinku kun san birni. Idan an gama girbi, samari sukan bi hanyar Baleyara su tafi cin rani. Wasu su tsaya Yamai, wasu su wuce Kano, wasu har Legas. Duk wanda ya je ya san wahalar shiga mota a babban gari. Mutum ya fito tun asuba, hantsi ya yi bai kai wurin aiki ba. Da yamma kuma ya duba, kuɗin mota ya cinye masa abin da ya samu.

Saboda wannan wahala ne manyan birane suke neman jirgin ƙasa na cikin gari. Jirgi ne mai tarago kaɗan, yana tsayawa unguwa-unguwa. Wani yana bin ƙasa, wani yana bin gada, wani kuwa rami ake haƙa masa ƙarƙashin gidaje. Na ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya an buɗe shi a Landan cikin 1863. A Afirka, Alƙahira ce ta fara, cikin 1987. Kano ma ta daɗe tana shirin yin jirginta. Bari mu duba tarihi, mu ga yadda za a gyara wannan shiri.

Yadda jirgi ya fara zuwa Kano

Cikin 1911 layin dogo ya iso Kano, a zamanin Sarki Abbas. Cikin 1912 aka fara ɗaukar mutane da kaya zuwa kudu. Turawan Ingila auduga suke so, don masaƙunsu. Amma manoma suka yi lissafinsu, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in ba ta sayu ba ana cinta. Sai suka shuka gyaɗa. Fatake irin su Alhasan Ɗantata suka yi ta saye, har aka riƙa tara buhuna kamar duwatsu kusa da layin dogo. Su ne ake kira dalar gyaɗa. Jirgin nan ya samu aiki don ya tarar da kasuwa a Kano, ya tarar da manoma masu kaya.

Mu a Nijar jirgi bai iso mu ba. Faransawa sun shimfiɗa layi daga Kotonu, ya kai Paraku cikin 1936, ya tsaya nan. Daga Paraku sai a juye kaya cikin manyan motoci zuwa Gaya da Doso da Yamai. Haka aka zauna shekara da shekaru.

Ran 7 ga Afrilu 2014 aka buɗe tashar jirgi a Yamai, a zamanin Shugaba Isufu Mahamadu. Kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, aka yi bikinsa cikin Janairu 2016. Amma rigimar kotu ta taso a Benin game da wanda ke da ikon yin aikin, sai komai ya tsaya. Ba a haɗa Doso da Paraku ba. Layi ya zama igiya mai baki ɗaya, ɗayan bakin yana lilo. Jirgin bai shiga aikin ɗaukar mutane da kaya ba, ƙarfen da ya ratsa cikin Yamai kuwa ya zame wa masu mota da babur cikas.

Shirin Kano

Kano gari ne mai miliyoyin mutane. Cikin 2013 gwamnati ta hana acaɓa, wato abin da muke kira kabu-kabu. Daga nan sai babur mai ƙafa uku, a-daidaita-sahu, ya cika tituna. A zamanin Gwamna Abdullahi Ganduje aka ƙulla yarjejeniya da kamfanonin ƙasar Sin. Aka ce za a yi layi 4, tsawonsu wajen kilomita 74, a kan dalar Amurka miliyan 1,850. Yawancin kuɗin bashi ne.

Cikin 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya soki shirin a wani taro a Kaduna. Abin da ya nuna shi ne: ƙarfe daga Sin, tarago daga Sin, ma'aikata daga Sin, bashi kuma a wuyan Kanawa. Ya kuma tambaya ina masu hawa jirgin za su je, in babu masana'antu da makarantu. Ganduje ya sauka cikin 2023, ba a shimfiɗa layin ba. Amma maganar ba ta mutu ba, don cunkoso kullum ƙaruwa yake yi.

Abin da ya samu Legas da Abuja

Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Cikin 1983 Gwamna Latif Jakande ya fara aikin jirgin cikin gari a Legas. Soja suka karɓi mulki, cikin 1985 suka soke aikin, kuɗi masu yawa suka salwanta. Mutanen Legas ba su hau irin wannan jirgi ba sai cikin Satumba 2023, kuma kilomita 13 ne kawai aka fara buɗewa. Shekara 40 ke nan suna jira, don wani ya fara, wani ya zo ya rushe.

Abuja kuwa ta gama nata, aka buɗe cikin Yuli 2018, da bashin ƙasar Sin. Jirgi sabo, tashoshi masu kyau, amma tarago fayau. Me ya sa? Wasu tashoshin suna bayan gari, babu hanyar kirki da za ta kai mutum can. Layin bai bi ta Nyanya da Mararaba ba, inda talakawa masu aiki a birni suke kwana. Cikin 2020, lokacin annobar korona, jirgin ya tsaya cik. Sai cikin Mayu 2024 aka sake tayar da shi, bayan an gyara hanyoyin zuwa tashoshi.

Kun san abin da ke faruwa idan aka gina rijiya nesa da gari. Ko ruwanta ya fi daɗi, mata za su ci gaba da zuwa tsohuwar da ke kusa. Haka jirgi yake.

Yadda za a gyara shiri

Tun ran gini, tun ran zane. Kafin a aza ƙarfe, sai a fita a ƙidaya mutane, a ga inda suke tashi da safe da inda suke sauka. A Kano ƙafar jama'a ba ta ɓoye ba: kasuwar Kurmi, Kantin Kwari, Sabon Gari, kasuwar hatsi ta Dawanau, tashar Unguwa Uku, Jami'ar Bayero. Nan ya kamata jirgi ya tsaya. Ya kuma haɗu da babban layin Kano zuwa Maraɗi da aka fara cikin 2021, don baƙon da ya zo daga Nijar ya sauka wannan ya hau wancan.

Kada a ɗauki layi 4 gaba ɗaya. A fara da guda, inda cunkoso ya fi yawa, a gama shi sarai. Rami ƙarƙashin ƙasa ya fi komai tsada, sai inda babu wata dabara. A tanadi wutar lantarki da kayan gyara, a koya wa ƴaƴan ƙasa tuƙi da gyara. A bar wurin aje buhu da kwando cikin tarago, a sa kuɗin da lebura zai iya biya. Masu a-daidaita-sahu kuma a ba su wurin tsayawa a bakin tasha, su riƙa kawo mutane daga lunguna.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Damana da jirgin birni? Da ruwansa. Bashin gwamnati kowa ke biya, har mai sayar da akuya a kasuwar Filinge. Kuɗin da aka binne cikin ƙarfen da ba ya aiki, shi ne kuɗin da ba a samu ba na rijiya da likita da makaranta. Yamai ma tana girma, faba-faba da taksi ba za su ishe ta har abada ba. Ranar da aka kawo shirin jirginta, wanda ya iya karatu zai karanta da kansa, ya yi tambaya uku: Ina zai tsaya? Da me zai haɗu? Wa zai biya bashin?

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya sa jirgin Kano na 1912 ya samu kaya?
2. Me ya hana jirgin Yamai zuwa Doso yin aiki?
3. Idan za a yi jirgi cikin Yamai, ina kuke so ya tsaya don mutanen hanyar Filinge?