Raguwar gani ga dattijo: tsufa ne ko cuta?

Tambaya: Malam, mahaifina ya haura sittin, yanzu karatun Alƙur'ani yana yi masa wuya. Ya ƙi zuwa asibiti, wai tsufa ne. Mu ƙyale shi?

Amsa: Alhamdu lillahi. Kada ku ƙyale shi. Abin da tsufa kaɗai ke kawowa shi ne wahalar ganin rubutu na kusa daga wajen shekara 40, kuma tabarau yana magance wannan. Abin da ya wuce haka galibi cuta ce.

Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 84 cikin 100 na makantar 'yan shekara 40 zuwa sama ana iya hana ta ko warkar da ita. Kan gaba ita ce yanar ido, kashi 43. Ana cire ta da tiyata, gani ya dawo da izinin Allah. A guji masu tura yanar da tsinke a gida, sun makantar da mutane da yawa.

Wadda na fi ji masa tsoro ita ce hawan jinin ido, wato gilakoma. Yawanci ba ta ciwo, daga gefe take cin gani, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Awon likita ne ke gano ta da wuri, maganin ɗigawa ya tsare abin da ya rage.

Ku lallashe shi da ladabi, ku raka shi da kanku. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Wallahu a'alam.