Alƙalin kokowa: aikinsa da nauyin da ke kansa

Alƙalin kokowa shi ne mutumin da ke tsayawa tsakiyar fili da usur a baki, ya buɗe karawa, ya tsayar da ita, kuma ya ɗaga hannun wanda ya yi kaye. A gasar takobi ta ƙasa, yana aiki ne ƙarƙashin hukumar kokowa ta Nijar, tare da wasu alƙalai da ke zaune a tebur suna riƙe lokaci da rubuta sakamako.

A kokowar ƙauye, wadda ake yi bayan girbi, dattawa da tsofaffin ƴan kokowa ne ke raba gardama. Al'amarin ya sauya daga shekarar 1975, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta shirya gasar ƙasa ta farko a Tahoua, inda Kantu na Maradi ya ɗauki takobi. Da aka haɗa jihohi wuri guda, kowace da al'adarta ta abin da ake kira kaye, sai ya zama dole a samu doka ɗaya da mutum ɗaya mai zartar da ita.

A yau jihohi 8 ne ke zuwa, kowace da ƴan kokowa 10. Wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da yi wa jiharsa wasa. Nan nauyin alƙali yake. Idan mutum ya faɗi da baya, ko makaho ya san an yi kaye. Rigimar tana tasowa ne idan duka biyun suka zube tare cikin ƙura, ko gwiwa ta shafi rairayi ta tashi kafin ƙiftawar ido. A wannan daƙiƙa alƙali zai yanke hukuncin da zai iya rushe shirin shekara guda na mutum, ga makaɗa na zuga, ga dubban ƴan kallo kowa da nasa gwani. Shi ya sa ake ganin ƙwararren alƙali yana duƙawa, yana zagaya ƴan wasa, idonsa a ƙasa.

Sauran aikinsa ba shi da wuyar fahimta. Yana hana duka da duk wani riƙo mai cutarwa, yana mayar da su tsakiya idan sun kai bakin buhunan rairayi, yana ba da gargaɗi ga mai gudun karawa. Akwai kuma sha'anin layu da tofe-tofe kafin a kama, wanda in ba a tsawata ba sai ya cinye lokacin wasan.

Mutanen Diffa sun ga wannan aiki da idonsu a gasa ta 43, daga ƙarshen Disamba 2022 zuwa farkon Janairu 2023, wadda Kadri Abdou, wato Issaka Issaka na Dosso, ya lashe. Ga jihar da hare-haren Boko Haram suka addabi garuruwanta na bakin Komadugu tun Fabrairu 2015, tara jama'a haka ba ƙaramin abu ba ne, kuma hukunci ɗaya da taro ya ƙi yarda da shi kan iya jawo hayaniyar da ba a buƙata.

Wasu wasanni sun rage wa alƙali wannan kaya da na'ura. A wasan baseball na Amurka, inda alƙalai 4 ke tsayawa a manyan wasanni, an fara duba bidiyo a 2008, aka faɗaɗa shi a 2014. Can alƙalin da ke bayan mai bugu, da garkuwar fuska da ta ƙirji, ya zama sanannen hoto. A nan kuwa, hotunan da ke jikin shaguna da motoci na zakaru ne, kuma ba a cika tuna sunan alƙali ba sai ranar da aka ce ya yi kuskure.