Ido Ba Mudu Ba: Tarihin Neman Ciwon Damuwa a Cikin Ido

A Bafarawa, ko Isa, ko Sabon Birnin Gobir, idan mace ta daina zuwa suna, ta daina raha, tuwonta ya riƙa kwana a kwano, uwa ko kishiya ce kan fara lura. Sai ka ji an ce, "Wance idonta ya faɗa." Hausawa sun ce ido ba mudu ba, amma ya san kima. Su kuwa masanan Turai da Amurka sun haura shekara ɗari suna neman mai da idon marar lafiya mudun gaske, wanda za a auna ciwon damuwa da shi kamar yadda ɗigon jini ke tona zazzaɓin cizon sauro.

Suna da hujja. Tantanin da ke can bayan ido, wanda likitoci ke kira ratina, daga ƙwaƙwalwa yake tsirowa tun ɗa yana ciki, kuma ana iya leƙa shi ba sai an tsaga kai ba. A 1851 Hermann von Helmholtz na Jamus ya fito da madubin leƙa cikin ido. A 1865 Frithiof Holmgren na Suwidin ya nuna cewa idon kwaɗo yana fitar da ɗan lantarki in haske ya faɗa masa.

Asibitin masu taɓin hankali ya shigo labarin a 1908, lokacin da Allen Diefendorf da Raymond Dodge suka ɗauki hoton motsin idon marasa lafiya a jihar Connecticut, suka ga idon wasunsu yana sarƙewa in yana bin abin da ke lilo. Philip Holzman ya farfaɗo da zancen a 1973. Sai dai wannan duk ya fi shafar cutar da ke raba mutum da hayyacinsa, ba ciwon damuwa ba.

Damuwa ta samu nata rabon ne ta ɗigon nan na tsakiyar baƙin ido, mai buɗewa da tsukewa. A 1960 Eckhard Hess da James Polt na Jami'ar Chicago suka nuna cewa ba duhu kaɗai ke buɗe shi ba, har da abin da rai ke so. Daga baya Greg Siegle na Pittsburgh ya lura cewa in an nuna wa masu damuwa kalmomin baƙin ciki, ɗigon kan daɗe a buɗe bayan na masu lafiya ya koma, kamar zuciya ta ƙi sakin maganar.

Binciken da ya fi yin amo shi ne na garin Freiburg a Jamus, a 2010. Emanuel Bubl da Ludger Tebartz van Elst suka zaunar da masu ciwon damuwa 40 da masu lafiya 40 gaban wani allo mai gidaje baƙi da fari kamar na dara, suka auna lantarkin da ratina ke fitarwa. Ratinar masu damuwa ba ta amsa bambancin baƙi da fari da ƙarfi kamar ta sauran ba, kuma gwargwadon tsananin ciwon, gwargwadon raunin amsar. A 2012 suka ba da rahoton cewa amsar tana komawa daidai ga waɗanda suka samu sauƙi. Ashe mai cewa duniya ta dushe masa ba lallai azanci yake yi ba. A 2020 kuma Victor Spoormaker da abokan aikinsa a Cibiyar Max Planck da ke Munich suka sa mutane wani wasa mai ladan kuɗi. Ɗigon idon masu lafiya ya buɗe yayin jiran ladan, na masu tsananin damuwa kuwa da ƙyar ya motsa.

To, amma an taɓa yin irin wannan murnar. A 1981 Bernard Carroll ya gabatar da gwajin jini da aka zaci zai tantance damuwa, aka yi ta yayinsa, sannan ya bayyana cewa yana tsallake masu ciwon da yawa, yana kuma kama waɗanda ba su da shi. Awon ido ma har yau bambanci yake nunawa tsakanin rukuni da rukuni, bai kai ga yanke hukunci kan mutum ɗaya ba. Ga shi yanar ido, da hawan jinin ido, da ciwon suga duk suna taɓa sakamakon, hatta amitriptyline, tsohon maganin damuwar kansa, yana buɗe ɗigon ido.

A ƙasar Gobir masu bukatar a duba su sun ƙaru. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutane daga ƙauyuka, wasu har jihar Maraɗi a Nijar, kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana can Kware, kusa da Sakkwato. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Har zuwa yau, daga Kware zuwa Munich, da tambaya ake gane ciwon. Takardar da ta fi yawo a duniya, wadda aka fitar a 2001, tambaya tara ce kan mako biyun da suka wuce: yaya barci, yaya cin abinci, ko abin da kike jin daɗinsa a da har yanzu yana yi miki daɗi.