Me Ya Sa Sautin Hedfon Ke Lalacewa Da An Shiga Mitin? Amsar Tana Cikin Tarihin Bluetooth

Kana sauraren karatu ko kiɗa a kwamfuta da hedfon mara waya, sauti tangaram. Sai ka shiga mitin ta Zoom, nan take ya koma kamar na tsohuwar rediyo. A nan ne da yawa ke cewa jabu aka sayar musu, su sayo wani, matsalar kuma ta biyo su. Kafin ka yi asarar kuɗinka, mai karatu, ka sani cewa wannan matsala ta girmi hedfon ɗin naka da shekaru masu yawa.

A 1994 kamfanin Ericsson ya fara aikin wannan fasaha a garin Lund na ƙasar Suwidin, inda injiniya Jaap Haartsen ya taka babbar rawa. A 1998 Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba suka kafa ƙungiyar da ke kula da ita. Sunan kuwa Jim Kardach na Intel ne ya aro shi daga laƙabin Sarki Harald, wanda ya haɗa kan ƙasar Denmak a ƙarni na 10.

To, wane sauti suke son aikawa a lokacin? Muryar kiran waya, shi ke nan. Don haka suka ware mata hanya mai ɗaukar kilobit 64 a daƙiƙa, murya na tafiya tana dawowa. Ana ɗaukar samfurin muryar sau 8,000 a daƙiƙa, kamar a wayar tangaraho. Faifan CD kuwa sau 44,100 ne. Ka ga ai tazarar ba kaɗan ba ce.

Sai a 2003 aka fito da tsarin A2DP domin kiɗa. Shi yana kai sauti mai kyau kunne biyu, da kilobit sama da 300 a daƙiƙa. Amma fa hanya ɗaya ce: daga kwamfuta zuwa kunnenka. Ba a yi wa makirfo wuri ba. Wato hedfon ɗinka yana da hanyoyi biyu, tsohuwa ta kira da sabuwa ta kiɗa, kuma ɗaya yake bi a lokaci guda. Da wata manhaja ta nemi makirfonsa, sai kwamfuta ta mayar da shi tsohuwar. A 2011 an ɗaga samfurin hanyar kira zuwa 16,000, amma har yanzu bai kamo ƙafar na kiɗa ba.

A wayar hannu ba ka cika lura ba, don kira na ƙarewa take komawa hanyar kiɗa. Kwamfuta kuwa manhajoji da yawa ne ke iya riƙe makirfo, wasu ma ba ka san suna buɗe ba. Shi ya sa Windows 10 ke nuna hedfon ɗaya a matsayin na'ura biyu, "Stereo" da "Hands-Free". Windows 11 ta haɗe sunayen, amma hanyoyin na nan. Masu Linux sun fi shan wuya: da BlueZ 5 ya fito a 2012, ya bar kula da hanyar kira, sai a 2015 PulseAudio 6 ya dawo da ita. PipeWire, wanda Fedora 34 ta ɗauka a 2021, ya sauƙaƙa lamarin sosai.

Idan ka gane wannan, gyaran ba wuya. Shiga saitin sauti, ka zaɓi makirfon kwamfuta ko na USB a matsayin mashigar murya, ka bar hedfon ya zama na saurare kawai. Ka yi haka a cikin manhajar mitin ɗin ma, don tana da nata saitin. Ka rufe duk abin da ke riƙe da makirfo, har da shafin burauza. In kuwa yankewa sautin ke yi, wannan wata matsala ce daban. Bluetooth na aiki a zangon gigahaz 2.4 tare da Wi-Fi, kuma a 2012 Intel ya nuna cewa na'urorin USB 3.0 na zuba hayaniya a wannan zango. Nesanta su, ko ka mayar da Wi-Fi kan gigahaz 5.

Maganin asali shi ne LE Audio, wanda aka sanar a 2020, aka kammala ƙa'idojinsa a 2022. An tsara shi ya ɗauki murya da kiɗa a tsari guda. Sai dai dole hedfon da kwamfutar su zama duk suna da shi, don haka ka duba duka biyun kafin ka sayi sabo.